Notin Tayar Hagu

Ranar da Idirisu ya dawo unguwarsu ta New Bell, bayan shekarun da ya kwashe a Libreville ta ƙasar Gabon, sai da ya tsaya a bakin lungunsu yana tambayar kansa ko nan ne. Mangwaron ƙofar gida babu shi. An sare shi lokacin zanga-zangar da aka rufe gari, an gicciye shi a titi an cinna masa wuta, har yau kwalta tana ɗauke da baƙin tabon. Manyan bas-bas masu zuwa unguwar Akwa sun yi ƙaranci, sai babura da ake kira bensikin suna kurɗawa tsakanin mutane kamar ƙudaje. Maƙwabcinsu da ya bari yana zuwa ofis da takalmi mai ƙyalli, yanzu albasa yake kasawa a kasuwar Sandaga, in ka gaishe shi sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "C'est la crise, ɗan'uwa," wato kiriz ce, matsin tattalin arziki. An karya darajar kuɗin sefa. Unguwar Bonamoussadi da ya sani rabinta daji ta cika da gidaje. Rahinatu, ƙanwarsa da ya bari tana wasan ƙasa, ta zama budurwa mai keken ɗinki. Mahaifinsu kuwa, Malam Zaidu direba, ya riga mu gidan gaskiya, labarin ma bai iske Idirisu ba sai da ƙasar kabarin ta kwanta.

Abu ɗaya ne bai gusa ba: tsohuwar bas ɗin mahaifinsu, 'yar ƙarama ƙirar Jamus, wadda ya yi rayuwarsa yana jigilar dankali da kabeji da ita. Tana can ƙuryar tsakar gida, jikin katanga, tayoyinta sun nutse a laka, gansakuka ta yi mata kore har gilashi.

Idirisu mutum ne da zama ba ya karɓarsa, kowa ya san haka. Amma wannan karon ya dawo da niyyar zama. Ya dubi mahaifiyarsa Iyatu, ya ga yadda ta rame, ya dubi motar, ya ce a ransa in ta tashi zai riƙa ɗaukar kaya daga Sandaga, gidan ya samu mai riƙe shi.

"Iya, motar nan zan tayar."

Iyatu ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Magaji, ka bar ta. Tun da mai ita ya tafi ko kaji ba sa kwana a ƙarƙashinta."

Ya yi dariya. A Libreville ya yi wankin mota kusa da wani gareji, ya ga ana kwancewa ana ɗaurawa, ya ɗauka ganin ya zama iyawa.

Injin bai ba shi wuya sosai ba. Tayar gaba ta hagu ce ta ƙi juyawa, boris ɗinta ya ci, ba kuwa a kaiwa gare shi sai an kwance babban notin da ke riƙe da tsakiyar taya a kan ƙarfenta. Ya ari jek, ya ɗaga motar, ya tokare ta da katako. Kafin ya ɓalle murfin da ke rufe da notin rana ta yi ja. Hadari ya haɗu ta wajen kogin Wuri, iska ta tsaya cak, sauro ya fara tashi daga lambatu. Ladanin masallacin unguwa yana gyaran murya.

"Magaji, magariba ta yi. Ba a dukan ƙarfe yanzu."

"Juyi ɗaya ne, Iya."

Bai yi bisimilla ba. Ya ɗora sufana, ya ja ta hagu, yadda duk duniya ake kwance noti. Notin ya tafi da sauƙi, kamar zai fita, sai kuma ya cije. A daidai nan wani siririn sauti ya fito daga cikin tayar, irin kukan kyanwar da aka taka. Ya saurara. Shiru. Ya ce tsatsa ce.

A cikin ɗaki Rahinatu ta saki almakashi ta ce, "Wash, hannuna!"

Da aka idar da salla aka zauna cin abinci, Iyatu ta ɗauki kwalbar manja, murfin ya ƙi buɗewa. Idirisu ya karɓa, ya murɗa har jijiyoyin wuyansa suka tashi, bai motsa ba. Suka yi dariya, suka ci rogonsu haka nan. Rahinatu ba ta yi dariya ba. Tana riƙe da tsintsiyar hannunta na hagu a cinya, tana kallon ƙofa.

Washegari ya jiƙa notin da kananzir, ya ƙara da man birki, ya bar shi ya sha. Da la'asar sakaliya ya samo dogon bututun ƙarfe ya zura a ƙotar sufana, ya hau kai da ƙafa biyu yana dira. Duk dirar da ya yi sai motar ta yi nishi. Notin ya ƙara matsawa kaɗan, ya sake cijewa.

A wannan yammacin famfon gidan ya ƙi murɗuwa. Makullin ɗakin Iyatu ya ƙi juyawa a cikin kwaɗo. Ƙwan fitilar tsakar gida ya matsu a mazauninsa da kansa, suna kallo, har ya fashe ya zubo. Duk wani abu mai murɗi a gidan ya ɗaure tamau.

Sai jifa ta fara.

Na farko ya faɗo kan kwanon rufi da ƙara ɗaya, ya gangaro a hankali, ya tsaya. Na biyu ya biyo, na uku, sannan suka zubo kamar ana juye tifa. Idirisu ya fita da gudu yana zagin 'yan unguwa da Faransanci. Lungu babu kowa, sai wata mai suyar ƙosai a can nesa tana fifita wutarta, ba ta ko ɗago kai ba. Ya dawo ya tsinci abin da aka jefo. Ba duwatsu ba ne. Ƙusoshi ne da notuna masu tsatsa, da ɗuminsu kamar yanzu aka ciro su daga bakin wani.

"Ka bar motar nan," in ji Iyatu, muryarta ƙasa-ƙasa. "Don girman Allah."

Da ya ji maganarta, da labarin ya tsaya nan. Amma taurin kai gado ne, kuma mutumin da ya dawo daga nesa hannu rabbana ba ya son ƙarfe ma ya raina shi. Ya tuna a gareji in noti ya gagara wuta ake sa masa. Rana ta uku ya cika murhu da gawayi, ya tura shi ƙarƙashin ƙarfen, ya yi ta fifita har notin ya yi ja kamar gauta. Ya ɗora sufana da bututunta, ya haɗa ƙarfinsa duka, ya danna hagu.

Ihun da ya fito daga ɗaki ba na mutum ɗaya ba ne. Murya biyu ce a haɗe, ta Rahinatu da wata.

Ya tarar da ita a ƙasa kusa da keken ɗinki. Hannunta na hagu ya murɗe tun daga kafaɗa, tafin yana kallon inda tafi ba ya kallo, yatsun sun ƙanƙame. A tsintsiyar hannun wani jan zobe ya fito, layi-layi a jere, kamar haƙoran noti. Ƙaurin fata ya cika ɗakin, alhali ko ashana ba a ƙyasta a ciki ba. Idanunta a buɗe suke, amma ba ta cikinsu.

Ya durƙusa zai taɓa ta. Kanta ya juyo a hankali. Ta shinshina iska.

"Kai ne," in ji muryar. Tsohuwar murya ce, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

Iyatu ta ja shi baya da rigarsa. "Je ka kira Modibbo Ɓoɓɓo. Kada ka tsaya ko takalmi."

Modibbo Ɓoɓɓo Bafulatani ne daga Garwa, ya daɗe a New Bell yana karantar da manya a bayan masallaci, kuma an san in irin wannan ta faru ƙofarsa ake bugawa. Siririn tsoho ne mai magana a hankali. Bai yi sauri ba. Da ya shigo gidan bai nufi ɗaki ba tukuna, sai da ya tsaya ya daɗe yana kallon motar, da murhun da ke hayaƙi a ƙarƙashinta.

"Janye wutar nan," ya ce. Idirisu ya janye.

Duhun magariba ya fara shiga ɗakin. Iyatu ta lulluɓe 'yarta da zane, ta zauna wajen kanta. Modibbo ya zauna a bakin ƙofa, ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya, ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Karatun yana tafiya, kwanon rufi yana amsawa da ƙarar ƙarfe ɗaya-ɗaya, sannan jifar ta tsaya ɗif, har ana jin ɗigar ruwa daga indararo. Jikin Rahinatu ya sandare. Ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni. Gidan nan ba ku da aiki sai ƙuna?"

"Wace ce ke?"

"Tasalla."

"Musulma?"

"Na riga kakanka salla a garin nan. Ina nan tun unguwar nan tana fadama, tun kafin Turawa su kwaso Hausawa su zube su a kanmu."

"To, Tasalla, Musulma ba ta shiga jikin 'yar mutane. Me yarinyar nan ta yi miki?"

Bakin Rahinatu ya yi wata dariya marar daɗi. "Ita? Ba komai. Takan ma share mana gefen katanga. A mangwaro muke zaune, malam, aka zo aka sare shi don a tare hanya. Wa ya tambaye mu? Kun ce kiriz, kiriz, kun ɗauka ku kaɗai ta ci? Muka ga mota ba mai ita, muka shiga. Ba mu taɓa ko cokalinsu ba."

"Sai me ya faru?"

Muryar ta karye. Abin da ya fi tsorata Idirisu ke nan, ya ji aljana tana kuka da idon ƙanwarsa.

"Ɗana ƙarami ne. Yana wasa a cikin tayar, ya zura hannu a bayan notin, don akwai sarari, sakwa-sakwa yake. Wannan ya zo da magariba, babu sallama, babu bisimilla da za mu ji mu kauce. Ya ɗaure shi a kan hannun yaron. Ya dawo ya hau da ƙafa. Yau ya kawo wuta."

"Kwancewa nake yi!" Maganar ta kuɓuce wa Idirisu. "Wallahi kwancewa nake yi, hagu nake ja!"

Kan ya juyo gare shi. "Ɗaurewa kake yi, ɗan Zaidu. Na wannan gefen a juye aka yanka haƙoransa, don kada gudun taya ya kwance shi. Ubanka kullum dama yake bi da shi, yana ambaton Allah. Muna bisa mangwaro muna kallonsa. Kai ina kake?"

Duk dirar da Idirisu ya yi a kan bututun nan ta dawo masa, ɗaya bayan ɗaya.

Modibbo ya ce, "Kuskure ne, ba ganganci ba. Za a kwance. Ki fita."

"Hannu a madadin hannu. Na yarinyar zan ɗauka."

"Ba ki isa ba." Ya tsoma yatsu a ƙwarya ya yarfa mata ruwan. Ta yi ƙara, ta dunƙule.

"To nasa! Na daman da ya riƙe sufana!"

Idirisu ya miƙa hannun tun kafin ya yi tunani. "Ta ɗauka, Modibbo. Ta sake ta kawai."

"Mayar da hannunka, yaro. Ba a yi wa aljani tayi." Tsohon ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, har sai da muryar ta dawo tana haki, tana cewa ya tsaya, ya tsaya, za ta yi magana.

"A kwance ɗana. A ba mu motar, a kai ta bakin ruwa inda ba mutane. Zan fita, na rantse da wanda ya halicce ni da ku, ba zan dawo ba."

"Wannan an ba ki."

"Saura ɗaya, kuma ba nawa ba ne." Muryar ta yi ƙasa, kamar ita ma tsoro take ji. "Uban yaron yana teku. In ruwan sama ya kankama zai hawo kogi. Shi ba ya zama a yi magana da shi, malam, ba ya salla. Zai ga hannun ɗansa, zai bi warin wanda ya yi. Rufin da ya samu warin nan a ƙarƙashinsa, ni ba ruwana da abin da zai same shi. In yana son uwarsa da ƙanwarsa, ya sa ruwa mai faɗi tsakaninsa da gidan nan. Wari ba ya tsallake ruwan gishiri."

Modibbo ya dubi Idirisu. "Tashi. Kai ka ɗaure."

Tsakar gida ta yi duhu, sai fitilar kwai da Iyatu ta riƙo daga bakin ƙofa. Notin ya huce, ya yi baƙi. Idirisu ya durƙusa a laka. Bai san inda zai kalla ba, don ya san akwai wanda ke kallonsa daga cikin ƙarfen. Ya ce, "Salamu alaikum." Ya ce, "Bismillahi." Ya ɗora sufana, ya tura dama.

Da farko ya ƙi. Ya ƙara ƙarfi kaɗan, yana jin tsoron ƙarfin nasa. Sai notin ya yi ƙara ɗaya, ya saki, ya biyo hannunsa kamar an shafa masa mai. Wani abu mai sanyi ya goge shi a ƙauri ya wuce. A ɗaki Rahinatu ta yi atishawa, ta sake yi, sannan suka ji muryarta, tata ta gaske, tana cewa, "Iya? Wa ya kashe fitila?"

Da gari ya waye Modibbo ya sa aka mayar da tayar. Majiya ƙarfi daga cikin masu dakon Sandaga suka tura motar, tayar hagu tana jan ƙasa, har bayan gari inda itatuwan fadama suke tsaye a cikin ruwa. Suka ce ba su taɓa tura ƙaramar mota mai nauyinta ba. Da suka juyo, babu wanda ya waiwaya.

A hanyar dawowa Idirisu ya tambayi tsohon, "Maganar mijin nan, gaskiya ce?"

"Aljani maƙaryaci ne, galibi."

"To in zauna?"

Modibbo ya ce, "Na ce galibi. Ban taɓa gwada ƙaryarsu da ran 'yar mutane ba. Abu ɗaya na sani: yarinyar ba ta tuna komai, kada kuwa a gaya mata. Wanda ya san an taɓa shigarsa, tsoro yakan bar ƙofar a buɗe."

Kwanakin da suka biyo gidan ya yi lafiya. Hannun Rahinatu ya miƙe, jan zoben ya dushe, aka ce mata zazzaɓi ne ya kayar da ita a kan keke. Amma kullum da yamma hadari yana ƙara duhu ta wajen kogi, kuma Idirisu ya lura mahaifiyarsa takan fito ta dube shi, ta dubi sama, ta koma ciki. Matar da ta yi shekaru tana aika masa saƙo a bakin duk mai tafiya Gabon cewa ya dawo gida, ita ce ya tarar wata safiya ta wanke masa kayansa duka, ta shanya, ba wanda ya sa ta.

Ya je tashar jiragen ruwa ya ji labarin wani jirgin kaya da zai tashi zuwa Malabo, tsibiri ne, ruwa ta ko'ina. Ya dawo ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado.

Yana ninke riguna Rahinatu ta tsaya a bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu.

"Na faɗa wa Iya. Na ce Yaya ba zai ga ƙarshen damina a gidan nan ba."

Bai ɗago ba.

"Ka zo ka cika mu da zan yi, zan yi. Zan tayar da mota, zan riƙe gida. Motar Baba ma ka rabar da ita don noti ɗaya ya gagare ka. Yanzu kuma ƙafar ta fara ƙaiƙayi." Tana dariya take faɗa, amma idonta ya kawo ruwa. "Me muka yi maka ne, Yaya? Gidan ne ba ka so, ko mu?"

Iyatu tana bayanta, riƙe da ƙullin garin rogo da ta daka masa. Ta kafe shi da ido ta saman kafaɗar yarinyar, ta girgiza kai kaɗan.

Can wajen Wuri aka yi tsawa, doguwa, ta daɗe tana gungurowa. Ɗigon farko ya bugi kwanon rufi.

Idirisu ya ja zip ɗin jakar, ya ƙaƙalo murmushi.

"Kin san halina, Rahinatu," ya ce. "Zama ba ya karɓata. Miƙo min takalmina."